Zamana a Jirgin Kaftin Nikola, Ina Hangen Jidda

Tun da na dawo daga Hajji ban sha shayi cikin natsuwa a ɗakin malamai ba. Da na zauna sai wani ya jawo kujera: "Alhaji Lawal, wai da gaske a kwalekwale ka je Makka?" Wani ya ce shi an gaya masa wani Bature ne ya saye ni. Malam Garba mai koyar da lissafi kuwa kaina ne ya dame shi, don ya ga fatar tsakar kan ta saɓule kamar ta ƙadangare, kuma har yau hula ba ta zauna mini daidai ba. Na gaji da bayani guntu-guntu kowa yana ƙara nasa gishirin, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta. Zan faɗi abin da na gani. Inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba, kuma irin wuraren suna da ɗan yawa.

Da farko dai, ba rashin hali ne ya hana ni hawa jirgin sama ba. Lokacin ina jami'a na taɓa zama a laburare na karanta bayanin yadda ƙarfe mai nauyin haka yake tsayuwa a iska. Na fahimci bayanin sarai, amma bai gamsar da ni ba. Da na gaya wa mahaifiyata ta ƙasa zan bi, sai ta ce ai kakana ma da ƙafa ya tafi. Na tambaye ta yaushe ya dawo. Ta ce bai dawo ba. Duk da haka na ga ƙasar ta fi.

Daga Kano zuwa Maiduguri babu abin faɗi sai ciwon baya. Matsala ta fara ne a kan iyaka, kafin mu shiga Fallomi, babban birnin ƙasar da ke gabanmu. Ina da wani gwangwani da na cika da magunguna: na zazzaɓi, na ciwon kai, na gudawa, na taurin ciki, da wani da mai kemis ya ce ko bai yi amfani ba ba zai cutar ba. Wani dogon jandarma ya buɗe, ya zuba Faransanci mai yawa. Direbanmu, wani Babarbare mai suna Modu, ya fassara mini.

"Ya ce ko kai ɗan kasuwa ne, ko mai guba. In kuma naka ne na sha, ka sha ya gani."

Na ce, "Wanne daga ciki?"

Jandarma ya zagaye gwangwanin duka da yatsa. Na yi ƙoƙarin bayyana cewa biyu daga cikinsu aikinsu kishiyar juna ne, Modu ya ce Faransancinsa bai kai nan ba. Na haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Ba zan tsawaita ba. Na taurin ciki ne ya yi rinjaye, kuma kafin mu isa Abashe duk fasinjojin motar sun san sunana, don ni ne mai buga wa direba ƙarfe ya tsaya.

A Sudan abin da ya fi ba ni mamaki Hausawa ne. Duk garin da muka sauka sai ka ji an ce maka sannu da zuwa. A wani ƙauye kusa da Madani na kwana gidan wani dattijo, Malam Ɗanjuma, mai gonar auduga da jikoki cike da tsakar gida. Na tambaye shi tun yaushe ya zauna a nan. Ya ɓata rai.

"Wa ya ce maka zama na yi? Kan hanyar Makka nake. Jira nake a cire auduga in wuce."

Matarsa daga madafa ta ce tun tana amarya ake cire audugar nan.

A gidansa na fara cin kisra, wata aba mai faɗi, shara-shara kamar takarda, mai ɗan tsami. Da aka ajiye na zaci shimfiɗar tire ce, na zauna ina jiran tuwo ya iso, har sai da na ga mai gida ya fara yagar shimfiɗar yana dangwala miya. Gaisuwarsu ma daban take. Ba durƙuso, sai dafa kafaɗa, a maimaita tambaya ɗaya har sai wani ya gaji. Ni ne kullum nake fara gajiya, kuma ina zargin sun ɗauke ni maras tarbiyya.

A Bur Sudan, bakin Bahar Maliya, na tarar da jirgin alhazai yana lodi. Na tsaya a gaɓa na duba shi da kyau. Akwai wani layi da ake zanawa a jikin jirgi wanda bai kamata ruwa ya haura shi ba; wannan ma a laburare na gani. Na nemi layin ban same shi ba. Mai yiwuwa fenti ne ya goge, mai yiwuwa kuma yana can ƙarƙashin ruwa. Na ce bari in jira na gaba. Jirgin ya tafi, an kuma gaya mini ya isa lafiya. Na gaban kuwa aka ce injinsa ya lalace, ba wanda ya san ranar tashinsa, ga Zulƙida ya kama.

Mai masaukina, Shehu Adamu, Bahaushen Sudan ne. Ya dube ni ya ce, "Ya Ustaz, kai manyan jirage kake tsoro? Halas. Shi ke nan, akwai ƙarami."

Haka na haɗu da Kaftin Nikola. Tsoho ne mutumin Girka, gajere, ja, da farin gashi a ƙirji. Ya yi shekara da shekaru yana da shagon kayan gwangwani a garin, sai ya sayar ya sayi jirgin ruwa na iska don ya zaga duniya. A cikinsa yake kwana, shi da wata kyanwa mai suna Basbusa. Daga baya na gane tun da ya sayi jirgin bai taɓa fita daga tashar ba, wai yana jiran wanda zai riƙa kama masa igiya. Jidda ce zangonsa na farko. Za ku ce me ya kai wanda ya ƙi babban jirgi shiga wannan. Na zagaya na duba jikinsa, layin yana nan a fili, ruwa bai taɓa shi ba.

Tsawon jirgin bai fi ajinmu na Fom Wan ba, faɗinsa kuwa bai kai rabi ba. Akwai dogon itace a tsakiya da ake ɗaga farin ƙyalle a kai iska ta tura. A ƙasa akwai ɗaki mai gadaje kamar kantar shago, da risho da aka rataye yana lilo don kada tukunya ta kife, da banɗaki mai famfon hannu wanda sai ka yi gumi kafin ya yarda.

Yanzu ga inda maganar kaina ta shigo. Mai zuwa ta teku yana ɗaura harami ne in ya zo daidai da miƙati, iyakar da alhaji ba ya wucewa da kayan gida. A manyan jirage ana busa ƙaho a sanar. Kaftin Nikola kuwa Kirista ne. Na tambaye shi, ya baje taswira, ya duba, ya ce babu shi a ciki. Malaman da na tambaya a gari wani ya ce sai Jidda, wani ya ce tsakiyar teku. Na ji tsoron in wuce miƙati ina barci ko ina amai. Don haka na yi wanka, na ɗaura harami, na yi niyya tun ba mu bar Bur Sudan ba. Na san malamai ba su son haka, amma na ga ya fi aminci. Kaftin ya ce ai tafiyar ba ta wuce kwana biyu ko uku.

A nan bai yi ƙarya ba. Game da tsallakawar ba ni da abin faɗi sosai, don yawancinta cikin bokiti na kalla.

Da muka hango fararen gidajen Jidda sai wani ƙaramin jirgi mai inji ya tare mu, ya ja mu gefen wani ɗan tsibiri inda ake killace baƙi saboda cuta. Kaftin ya jefa anka, wato ƙugiyar ƙarfen da ke kama ƙasan ruwa ta riƙe jirgi. Aka sa muka ɗaga tuta ruwan ɗorawa. Wani jami'i ya yi mana magana da Larabci daga nesa.

"Me kuka kawo?"

Kaftin ya ce, "Alhaji."

"Nawa?"

"Ɗaya. Da kyanwa."

Jami'in ya juya ya gaya wa abokansa, suka yi dariya har jirginsu ya karkata. Sa'an nan ya ba mu doka biyu. Kada kowa ya sauka sai likita ya taka jirgin da ƙafarsa ya duba mu. Kada kuma mu ɗaga anka. Na tambaya yaushe likitan zai zo. Ya ce likita yana farawa ne da jirgin da ya fi yawan mutane, ya gangaro. Na ga wannan adalci ne, har na faɗa masa haka. Abin da ban lura ba shi ne lokacin Hajji ne. Kowace safiya sai mu tashi mu ga sabon jirgi ya iso da dubban mutane, ya shiga gabanmu.

Tsibirin ba shi da komai sai farin yashi, da wasu dogayen ɗakuna, da tankin ruwa, da itace guda mai kama da bagaruwa, da wani mai gadi da akuyarsa. Ruwan wurin garau yake, kana ganin kifaye masu launin atamfa suna yawo a ƙasa. Kaftin ya ce wannan ita ce rayuwar da ya sayar da shago dominta. Da safe ya wanke saman jirgi da ruwan teku, ya jefa fatsa, ya dafa gahawa, ya yi wa Basbusa magana da yarensu. Da rana ya kafa rumfar tamfol ya kwanta. Bai ga abin gaggawa ba.

Ni kuwa ina cikin harami, kuma ina jin wanda ya tsara jirgin nan bai yi tunanin mai harami ba.

Mai harami, yadda aka koya mini, ba ya ƙulla zanensa. Soke shi kawai yake yi. A kan jirgin da iska ba ta tsayawa, wannan yana nufin hannu ɗaya kullum yana kan zane. Kaftin ya ce dokar teku ita ce hannu ɗaya na jirgi, ɗaya naka. Na ce nawa duka biyun an riga an yi musu aiki. Mai harami ba ya kashe ƙwaro, ɗakin ƙasa kuwa na kyankyasai ne, mu baƙi ne a cikinsa. Da suka gane ba na taɓa su sai suka bar gadon Kaftin suka dawo nawa. Kafin in kwanta sai in kaɗa shimfiɗa a hankali, ina ba su haƙuri. Sabulun jirgin mai ƙamshi ne, ya haramta gare ni. Mai harami kuma ba ya jayayya, Kaftin kuwa ba abin da yake so kamar gardama. Ya ce duk wani ilmi a Girka aka fara shi, har da kokawa da dafa wake. Sai in ce mai yiwuwa. Ya ce bai taɓa zama da mutumin da ya fi ni ban haushi ba. Na ce wannan ma mai yiwuwa.

Sai rumfar. Mai harami ba ya rufe kai. Inuwar tanti da aka kafa a ƙasa ba laifi, amma inuwar da ke tafiya da kai a kan abin hawa akwai magana a kanta. To rumfar jirgin da ke tsaye amma yana motsi, tanti ce ko abin hawa? Ba ni da littafi, ba ni da malami. Ɗakin ƙasa da rana kamar tanderu yake. Sai na zauna a rana, kusa da rumfar, ina kallon Kaftin yana minshari a inuwa. Malam Garba, ga amsarka.

Mafi wuya ita ce salla. Jirgin da ke kan anka ba ya tsayuwa wuri ɗaya, yana zagaya igiyarsa ne kamar akuya a turke. Sai in daidaita alƙibla in kabbara, kafin in kai ruku'u ina fuskantar tsibiri, in ɗago ina kallon Sudan. An koya mana cewa mai salla a jirgi yana juyawa in jirgi ya juya. Da Kaftin ya gane damuwata sai ya ɗauki abin da muhimmanci fiye da yadda na so. Duk lokacin salla sai ya zauna da kamfas a cinya yana ba da umarni: "Dama, ya Hajj! Ƙara! Ya isa! Hagu, hagu!" Ban sani ba ko ya halatta Kirista ya riƙa tuƙa mai salla. Na sake wasu sallolin don kariya, su ma yana tuƙawa.

Abincinmu taliya da zaitun da kifi ne, har ranar da Hajiya Rakiya ta zo. Muna zaune sai ga kwalekwale, wani tsoho yana tuƙi, wata mace mai jiki a zaune tsakanin kwanduna, ta yafa baƙin mayafi. Tana bin jiragen da ke jira ne tana sayar da abinci. Ta dube ni ta dafa ƙirji.

"Ya Allah! Takari ne? Kai, ɗan nan, ɗan wane gari?"

Na ce, "Zariya, Inna."

"Kakata 'yar Zazzau ce, Allah yarhamha! Me kake yi a bahon wankan nan? Wannan khawajan, Baturen nan, shi ne kafilinka, uban gidanka?"

Na ce a'a, direba ne kawai, in za a iya cewa haka.

A Jidda aka haife ta, a unguwar Sharafiyya take zaune, ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Hausarta irin ta tsofaffi ce, tana tafe tana faɗawa cikin Larabci ta fito. Mijinta, Ammi Sale, tsohon da ke tuƙa kwalekwalen, ban taɓa jin muryarsa ba. Tun da doka ta hana a taɓa jirgi mai tuta, a kan doguwar gora take rataya kwando ta miƙo. Ita ta fara ba ni ful da tamis, wato dafaffen wake da wani faffaɗan burodi, da ƙosai mai barkono wanda ta ce irin na gida ne. Ba irin na gida ba ne, amma na ce mata ya yi kusa. Kullum tana da tambaya. Wai da gaske akwai itacen kuka da ya fi ɗaki girma? Da gaske ruwan sama yana kwana yana zuba, mutane suna kallo ba sa tara shi? Na ce suna tarawa wani lokaci. Ta ce, "Haram alaikum, wallahi."

Ranar da aka harba igwa a gari aka ce an ga watan Zulhajji, abin ya daina ba ni dariya, in ma ya taɓa ba ni. Kowace rana ƙananan jirage suna kwasar alhazai daga manya suna kai su gaɓa, farare fat, muryar labbaika tana biyo ruwa har inda nake. Ni ma ina amsawa daga zaune. Wanda ya rasa tsayuwar Arfa ya rasa Hajji, wannan babu saɓani a kansa. Na bar gida, na haɗiye gwangwanin magani, na ƙone kaina, ga Makka bayan duwatsun can, kuma abin da ke tsakanina da ita mutum ɗaya ne da jakarsa.

Hajiya ta ce, "Isma, saurara, ya waladi. Ka sauko cikin kwalekwalen nan ka kwanta, in rufe ka da tabarma, in ɗora kwanduna. Wa zai sani?"

Na ce, "Inna, na farko an ce kada a sauka. Na biyu in kika rufe ni da tabarma kin rufe mini kai."

"To ka bar kan a waje!"

"Sai a gan ni."

Ta juya ga mijinta. "Shuf, ya Sale. Ka ga abin da boko ke yi wa 'ya'yan mutane."

Ammi Sale ya kalli ruwa.

Jirage suka yi ta raguwa, na fara sa rai layi zai iso kanmu. Sai wata safiya ga wani ƙaton jirgi yana hayaƙi baƙi, ya zo ya jefa anka a kudu da mu. Na gane shi. Shi ne mai lalataccen inji na Bur Sudan. Hajiya ta iso da labari: wannan ne na ƙarshe, jibi Arfa, kuma da likita ya gama da shi yau zai wuce Mina aikin alhazai, sai bayan Salla.

"Mu fa?" in ji ni.

"Ku? Ya manta da ku tun tuni, ya miskin."

Na zauna na yi tunani irin wanda ban yi ba ko a jarrabawar ƙarshe. Iska daga arewa take busowa, tana tura mu wajen babban jirgin, igiyar anka ce kawai ke riƙe da mu. An sauke masa tsani a gefen da ke fuskantarmu, ta nan likita zai hau. Na ce wa Kaftin, gwargwadon abin da na tuna, kuma ya gyara mini in na yi kuskure, an ce kada mu sauka, an ce kada mu ɗaga anka. Ban ji an faɗi tsawon igiya ba.

Kaftin ya miƙe zumbur. Sa'an nan ya sumbaci tsakar kaina, daidai inda ya fi zafi.

Muka fara ƙara igiya. Kaftin ya fito da duk wadda yake da ita, yana ƙullawa yana saki, jirgi yana ja da baya a hankali. Ta ƙare. Ya kwance igiyoyin ƙyalle. Suka ƙare. Ya kwance na rumfa, da ta bokiti, da wadda na ɗaure akwatina da ita tun daga Kano. Hajiya ta miƙo igiyar kwalekwalensu a kan gora, tana cewa, "Yalla, yalla, ga shi can ya taso!" Da gaske kuwa jirgin likita ya baro gaɓa. Mutanen babban jirgi suka taru a sama suna kallonmu. Wani da muka zauna masauki ɗaya ya gane ni, ya ƙwala, "Jama'a, ga Ustaz mai tsoron jirgi!"

Saura kamar tsawon tabarma biyu mu kai tsani, igiya ta ƙare ƙaf. Kaftin ya cire ɗamarar wandonsa ya ƙara. Bai isa ba. Ya dubi mayafin haramina. Na ce ban tabbata ba ko ya halatta a ƙulla shi. Ya ce, "A jikinka aka hana ko a jikin jirgina?" Na ga tambayar tana da ƙarfi. Na miƙa masa. Haka muka isa gindin tsani, shi hannu ɗaya a wando, ni hannu ɗaya a zane, muka tokare wurin gaba ɗaya.

Likitan wani mai ƙiba ne, da farar riga da jaka. Jirginsa ya zo ya rasa ta inda zai raɓa. Ya yi ta faɗa, yana tambaya wa ya ba mu izinin motsawa.

Kaftin ya ce, "Ba mu motsa ba, ya Doktor. Ankarmu tana can inda aka ce. Je ka duba."

Likita ya bi igiyar da ido, ƙulli bayan ƙulli, har can gindin tsibiri. Ya dubi agogonsa. Ya dubi tsani. Ba wata hanya sai ta kanmu. Ya ɗago ƙafa ya taka.

"Ahlan wa sahlan a jirgina!" in ji Kaftin, ya tare hanya.

Ni kuwa ban san abin da ake cewa ba, sai na matso na zaro harshe. Likita ya dubi harshen, don ba yadda zai yi. Ya ja fatar idona. Sa'an nan ya ga tsakar kaina.

"Wannan fa?"

Na ce, "Rana ce."

"Ba ku da rumfa?"

"Akwai. Amma akwai saɓanin malamai."

Ya tsaya yana kallona kamar yana neman sunan cutar. Can ya ce, "Halas. Ba ta yaɗuwa. Sauke tutar." Ya haye tsani yana haki. Mutanen sama suka ɗauki kabbara, Hajiya ta rangaɗa guɗa.

Sallamarmu da Kaftin ba ta yi tsawo ba, don yana da igiya mai yawa da zai janye. Ya kwance mini mayafina, jiƙe, da tsatsa a gefe. Na tambaye shi ina ya nufa daga nan. Ya ce Indiya, amma zai ɗan koma gindin tsibirin tukuna, kifin wurin yana da kyau. Na yi masa godiya da duk Larabcin da na sani. Ya ce in na je can in ambaci Basbusa.

Da Ammi Sale ya sauke ni a gaɓa, na taka ƙasa, sai ƙasa ta karkata. Na ɗaga ƙafa, ta dawo. Na kama wani turke na ce wa Hajiya ina jin girgizar ƙasa ake yi. Ta ce ba wata girgiza, teku ce ta biyo ni, za ta sake ni in ta ga dama. Bayan an buga mini hatimi a fasfo ta ja ni har tasha, ta yi wa wani direba faɗa da Larabci har ya matsa mini wuri a saman lodi, ta cusa mini ƙullin ƙosai. Ban sami damar ganin Jidda ba. Duk wanda ya tambaye ni yadda garin yake, daga ruwa fari ne.

Na isa Arfa da rana tsaka, cikin mutanen da ban taɓa zaton akwai yawansu a duniya ba. Na sami wuri na tsaya. Ƙasa ba ta daina ba. Ina tsaye ina tangaɗi, gaba, baya, gefe, ga hawaye na zuba, wani na rana, wani ban san na mene ne ba. Sai na ji an kama mini gwiwar hannu. Wani tsoho ne siriri, da jin Hausarsa Basakkwace ne.

"Malam," ya ce, "tun ɗazu nika kallonka. Yadda zikiri ka kaɗa ka haka, kai ba ƙaramin bawan Allah ba ne. Ka roƙa wa matata. Tare munka taso, a Jinena ta rasu."

Na buɗe baki in yi masa bayani cewa ba abin da yake zato ba ne, jirgi ne kawai. Sai na ga rana ta yi ƙasa sosai, kuma bayanina ba ya yin gajarta. Na tambaye shi sunanta. Ya ce Hassi. Na ce ya riƙe ni da kyau kada in faɗi. Ya riƙe. Na fara, yana cewa amin, muna tangaɗi tare har rana ta faɗi.